Akwatin da Ya Ciji Hajjo

A shekarar da jiragen siminti suka yi cincirindo a tashar ruwan Ikko har aka rasa inda za a sauke su, Alhaji Ɗantala na Jibiya ya gama ginin gidansa. Arzikin Alhaji ba shi da wani asiri. Man fetur yana da arha a nan, yana da tsada a Maraɗi, kuma Allah cikin hikimarSa bai sa nisa tsakanin garuruwan biyu ba. Shekara huɗu baya a kan keke yake zuwa kasuwa. Yanzu yana da manyan motoci uku, da Fijo, da tumbin da ke riga shi shiga zaure.

Abu ɗaya ya rage masa. Mahaifiyarsa, Hajjo, tana can ƙauyen Farfaru cikin ɗakin ƙasa, kuma duk wanda Alhaji ya taɓa hana wa wani abu ya san da haka. A tasha, in Fijon ta wuce, akan sami mai cewa, "Allah sarki, ko ɗakin tsohuwa ya daina yoyo?" Sau uku yana aika mata mota, sau uku motar tana dawowa da gaisuwa da ƙullin daddawa. A karo na huɗu ya je da kansa, ya durƙusa, ya ce ya gina mata ciki da falo, har da wutar lantarki. Ta ce in wutar ta kama za ta zo ta gani.

Wutar gwamnati ba ta iso unguwar ba tukuna. Tana nan tafe, kamar yadda ake faɗa kowace shekara. Don haka Alhaji ya yi odar janareta daga Turai, janareta kuma ya iso Ikko ya hau layi a bayan siminti.

Kafin ya iso aka ja waya. Kalilu aka ba aikin, ɗan gari, mai takardar shaida daga makarantar koyon sana'a a Kaduna, mai biro biyu da testar gwajin wuta ɗaya a aljihun gaba. Alhaji yana ce masa Injiniya, shi kuma bai taɓa gyara masa ba. Ya yi zaure da falo da turakar Alhaji, ya kafa allon fis, ya dasa kowane makunni da kowane soket cikin akwatin ƙarfe da aka binne a bango. Ana cikin haka aka kira shi kwangila a Katsina. Ya ce kwana uku zai yi. A wancan zamanin kwana ukun ɗan kwangila ba ya kasa wata biyu.

Alhaji ba mai jira ba ne. Ya sa aka ɗauko masa Bubakar daga Maraɗi, wani dattijo siriri mai furfura a gemu, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana riƙe wa wani Bafaranshe tsani kafin ya zama mai kansa. Bubakar ya yi cikin gida, da ɗakin Hajjo da madafa, da wayoyin da ya tarar an saya: ja, baƙa da koriya. Ya kawo bakin wayoyin nan uku kusa da allon fis, ya bar su a rataye, ya tafi gida Sallah. Da Kalilu ya dawo ya duba aikin, ya taɓe baki domin bai sami abin kushewa ba, sannan ya haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, koriya da koriya, kamar yadda duk mai ido zai yi. Babu inji, balle a gwada. Shi da Bubakar kuwa ba su taɓa haɗuwa ba.

Inji ya iso bayan wata bakwai. Ran Laraba aka girke shi a bayan gida aka tayar, zaure da falo suka haskaka, rabin unguwa ta zo kallo. Ba wanda ya leƙa cikin gida. Ɗakin Hajjo a kulle yake, Alhaji ya ce ba mai taɓa makunninsa sai ita. Ran Alhamis Maɗugu, direban ɗaya daga manyan motocin, ya je Farfaru ya ɗauko ta da tabarmarta da kwallayenta.

Ta sauko da buta a hannu ɗaya, sanda a ɗaya. Ta zaga gidan tana duba shi yadda ake duba saniyar da ba a yi niyyar saye ba. Ta ƙwanƙwasa bango. Ta leƙa banɗaki, ta fito. La'asar ta yi, aka tayar da inji, Hajjo ta yi alwala a tsakar gida, ta cire takalmi a bakin ƙofa, Alhaji ya buɗe mata ɗakin da mabuɗin da ya yi kwanaki a aljihunsa.

"Inna, ga shi nan a bango. Dannawa kawai za ki yi."

"In danna mi?"

"Wannan ɗan farin abin. Bismillah."

Hajjo ta kai jiƙaƙƙen hannu. Yatsanta bai sami farin abin ba, ya sauka a kan murfin ƙarfen da ke kewaye da shi. Abin da ya biyo baya an yi saɓani a kansa. Maɗugu ya rantse ƙafafunta biyu sun bar ƙasa. Alhaji ya ce ɗaya ce. Inda aka haɗu shi ne, tsohuwar da ta shiga da sanda ta fito tsakar gida ba sanda, tana salati, kuma ƙwan fitilar ɗakin bai ko ƙyafta ba.

"Ɗantala!" Duk Jibiya ita kaɗai ke kiransa haka, ba Alhaji a gaba. "Ɗakin ga ya cije ni!"

"Inna, ba cizo ba ne. Wuta ce ta ɗan ja ki."

"Wuta? To ina hasken? Cewa ka yi in danna in ga haske. Ban ga haske ba, ƙohwar lahira na gani."

"Za a gyara, Inna. Wallahi gobe-goben nan."

Ba ta kula shi ba. Ta yarfe hannun, ta ƙirga yatsunta ta ga sun cika, ta juya wajen direba.

"Kai Maɗugu, yaushe za ka bi ta Farfaru?"

Maɗugu ya dubi maigidansa, ya dubi ƙasa. "Lahadi, Inna. Bayan Azahar, in na kwashi 'yan kasuwa."

"To ka aje mani wuri gaba."

Ta ƙi kwana a kowane ɗaki mai irin wannan akwati a bango, kuma duk gidan babu ɗakin da Alhaji ya bari ba akwati. Ta sa aka kai kayanta rumfar da magina suka ajiye siminti, wadda ke daidai ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai iya gaishe ta. Kafin magariba tasha ta ji cewa Alhaji Ɗantala ya ɗauko uwarsa daga ɗakin ƙasa ya kai ta rumfar siminti. Masu adalci a cikinsu suka ce ai ci gaba ne.

Ran Juma'a da safe Alhaji ya kira Malam Ummaru, limamin unguwa, domin wasu sun fara cewa filin da aka yi ginin da ma hanyar mutanen ɓoye ce. Malam ya zo da casbi da turare. Inji a kashe yake. Ya shiga ɗakin, ya yi addu'a, ya ɗora hannu a kan murfin ƙarfen. Shiru. Ya shafa shi har sau uku.

"A tayar da injin," in ji shi.

Aka tayar. Malam ya kai bayan yatsa ɗaya, a hankali. Ya ambaci sunan Allah da saurin da bai shirya ba.

"A kashe."

Aka kashe. Ya sake taɓawa. Shiru. Ya fito ya zauna a kan tabarma, ya mayar da turarensa aljihu.

"Alhaji, shekara talatin ina karatu, ban ci karo da aljanin da ke jira a zuba wa inji mai kafin ya fara aiki ba. Wannan ba nawa ba ne."

"To ko injin ne ba shi da kyau, Malam? In sayo wani?"

"Ka sayo goma. Ni dai shawarata, nemo waɗanda suka ja wayar."

Aka tura Fijo Katsina neman Kalilu, Maɗugu ya nufi Maraɗi neman Bubakar. Bayan masallaci Alhaji ya je rumfa ya tsuguna, da babbar rigarsa tana sharar garin siminti.

"Inna, ki koma turakata kafin a gyara. Nawa ɗakin ba ya cizo."

"Bai ga wanda yake so ba ne."

"Mutane suna magana, Inna."

"Su zo su taɓa, su yi maganar da hujja."

Asabar da hantsi ma'aikatan biyu suka iso, kusan tare. Kalilu ya fito daga Fijo cikin kwat ɗin safari. Bubakar ya diro daga babbar mota da tsohuwar jakar fata a kafaɗa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, irin ta mutanen da kowanne ya riga ya yanke wa ɗan'uwansa hukunci a hanya.

Aka tayar da inji. Kalilu ya zaro testa ya ɗora bakinta a kan murfin akwatin ɗakin Hajjo. Ɗan ƙwan da ke cikin testar ya kama, ja wur.

"Ku kashe inji!"

Ya kwance murfin. Ciki tsaf, ba ko ɓurɓushin siminti. Ga jar waya an feƙe bakinta, an naɗe ta da kyau a wuyan wani noti da ke jikin akwatin, an ɗaure tamau.

"Inna lillahi! Wane mahaukaci ne ya ɗaure jar waya a jikin akwati?"

"Ni ne mahaukacin," in ji Bubakar, bai ko ɗaga murya ba. "Ina za a ɗaure ta in ba nan ba? Ja ai ita ce ta ƙasa."

"Ja ita ce wuta, Malam Bubakar! Ja ta kawo wuta, baƙa ta mayar, koriya ta tafi ƙasa. Shafin farko ke nan a littafi."

"Littahin wa? Ni wurin Mushe, Bafaranshen da ya koya mani aiki, tsanwa, wadda kake ce ma koriya, ita ka ɗaukar kuran. Ja ta tahi ƙasa. Gida nawa munka yi haka a Maraɗi, har yau mutane na ciki suna haihuwa."

"To a nan kuran ɗin naku sunansa wuta, kuma a cikin ja yake tafiya."

"Samari, tun kana tallar rake nake wanga aiki."

"Ban taɓa tallar rake ba."

"Da ka yi, da ka koyi duba abu kahin ka saya."

Suka ɗunguma zuwa allon fis, Alhaji yana biye yana share gumi. Bubakar ya bi wayoyinsa uku da yatsa har inda suka shige. Ya tsaya. Jar wayarsa, wadda ya ɗaure a jikin kowane akwati na cikin gida, tana nan cikin fis, a bakin wuta. Koriyarsa, wadda ya kai wa kowace fitila, an haɗa ta da ƙasa.

"La'ilaha illallahu. Wane ne ya ba ƙasata wuta?"

Kalilu ya gyara biron aljihunsa. "Ja da ja na haɗa."

"Ba ka buɗe akwati ko guda ka duba ba?"

"Kai da ka tarar da aikina, ka buɗe nawa ka duba?"

Kowannensu ya yi aikinsa daidai yadda aka koya masa. Turawa biyu ne, da ba su taɓa jin sunan Jibiya ba, suka kasa shiryawa a kan launin waya, kuma iyakar da suka shata ba a bakin shingen kwastan kaɗai ta tsaya ba, ta ratso har gidan Alhaji, ta bi tsakanin falo da tsakar gida. Fitilun cikin gida ba su sami wuta ba, akwatuna goma sha huɗu suka samu.

Kalilu da Bubakar suka koma musun wane Bature ne ya fi hankali, har muryarsu ta kai rumfa.

"Ku zo nan," in ji Hajjo.

Suka zo suka tsuguna, da mai kwat da mai jaka.

"Wanne cikinku ya so kashe ni?"

"Inna, ba haka ba ne," in ji Kalilu. "Bari in yi miki bayani. Kowane akwati na ƙarfe ne. Wata rana waya tana iya gogewa a ciki, wuta ta shiga jikin ƙarfen. Shi ya sa ake ɗaura masa waya ta musamman, a kai ta cikin ƙasa. In wuta ta ɓalle sai ta bi nan ta gudu, fis ya ƙone, mutum ya tsira."

"Rariya ke nan. Ruwa in ya shigo gida ya samu ta hita."

"Yawwa, Inna! Rariya."

"Ku kuma sai kunka juyo da bakin rariyar cikin ɗakina."



Alhaji, da ya fahimci waya biyu ce kawai ta sauya wuri, ya ji sanyi a ransa. "To ai abin mai sauƙi ne, Injiniya. Je ka allon ka juya su. Ta Bubakar ja ta tafi ƙasa, koriya ta shiga fis. Minti biyar."

"Zai yi aiki, Alhaji, amma ba zan yi ba."

"Don me?"

"Yau mu biyu mun sani. Shekara biyar nan gaba wani zai zo gyara, ya buɗe akwati ya ga koriya, ya ce ta ƙasa ce, ya kama ta da hannu. Gida ɗaya ba ya zama da ƙa'ida biyu."

"Nan kam ya yi gaskiya," in ji Bubakar, kamar mai haɗiye maɗaci. "Sai dai a maida gidan duka iri guda. A maida na gaba irin nawa."

"A mayar da naka irin nawa dai!"

"Ni ne babba."

"Ni ke da takarda."

Hajjo ta buga sandarta a ƙasa. "Kai Bubakar, in ka zo kasuwar Jibiya sayen gero, da tiyar Maraɗi ake auna maka?"

"A'a, Inna."

"To."

Shari'a ta ƙare a nan. Kalilu ya miƙe yana murmushin da bai iya ɓoyewa ba. Bubakar ya miƙe a hankali, ya karkaɗe gwiwa.

"Na yarda. Ja ta zama wuta. Amma tunda rariya ce, Injiniya, nuna mani inda taka ta zuba."

Kalilu ya kai su bayan zaure. Can a gindin bango koriyar waya ta fito, an ɗaure ta a kan wani ɗan sandan ƙarfe da aka kafa cikin rairayi. Bubakar ya duba shi, ya duba sama. Ya sa hannu ɗaya ya zare shi kamar mai cire karan dawa. Tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, kuma a bushe yake ƙayau.

"Wannan ne ƙasarka?"

"A Kaduna haka muke yi."

"Kaduna ƙasa na da laima. Nan rairayi ne, samari. Wuta ba ta bin busasshen rairayi." Ya juya sandan a hannu. "Amma ka gode ma Allah da ka yi aikin banza a nan. Wutar da ta shiga jikin Inna ta ƙasa za ta bi ta koma inji, sai ta iske hanya ba kyau, ta wuce kaɗan-kaɗan. Da ka kafa shi da kyau, da yau muna sadakar ukku."

Daga baya, a Katsina, an ji Kalilu yana ba da labarin yadda sandansa ya ceci ran wata tsohuwa.

Aka raba aiki ba tare da an ce an raba ba. Kalilu ya shiga cikin gida yana buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da ja bakin makunni, koriya jikin ƙarfe, inda ya kama a sake jan waya ya sake. Bubakar ya zaga gidan yana duban ƙasa har ya sami inda ruwan alwala da na wanke-wanke ke gangarawa. Nan ya sa leburori biyu daga tasha suka haƙa rami, sai da kan mai haƙa ya ɓace. Ya aiki Maɗugu gareji ya kwanto lagireton wata matacciyar mota, domin cikinsa jan ƙarfe ne. Ya kankare shi har ya yi ƙyalli, ya ɗaure masa waya mai kauri da noti biyu, aka zura shi ramin. Aka zuba buhun gawayi. Aka zuba rabin buhun gishiri. Aka kwarara ruwa garwa huɗu.

Hajjo ta jawo tabarmarta bakin rumfa tana kallo.

"A garinmu, in anka kama mutum yana binne gishiri da gawayi a gidan wani, wurin alƙali ake kai shi."

"Wannan maganin wuta ne, Inna. Gishiri da gawayi su ka riƙe laima."

"Duk masu binnewa haka suke cewa, magani ne."

Da yamma an ga Kalilu ya fito ya tsaya bakin ramin, hannu a baya, yana tambayar ko dole sai lagireto. An kuma ga Bubakar ya karɓi testar Kalilu yana jujjuya ta, domin shi duk rayuwarsa da ƙwan fitila da guntun waya biyu yake gwaji. Ba wanda ya yabi wani.

Lahadi gari ya cika. Motocin hatsi da na shanu suka toshe hanya tun daga shingen iyaka, masu babur suna kutsawa ta tsakani. Ana kiran Azahar Kalilu ya ɗaure murfin ƙarshe. Bayan sallah Maɗugu ya kawo mota ƙofar gida, bayanta cike da mata da buhuna, ya bar injin yana aiki. Hajjo ta riga ta naɗe tabarma, kwallayenta suna ɗaure cikin zane.

Aka tayar da janareta. Kalilu ya ɗora testa a kan akwatin ɗakin Hajjo. Ba ta kama ba. Ya ɗora tafin hannunsa. Bubakar ma ya ɗora nasa, ya bar shi a wurin yana kallon rufi.

"Inna, kin gani," in ji Alhaji daga bakin ƙofa. "An gama. Zo ki danna."

Hajjo ta zo ta tsaya a tsakar gida, ba ta matso ba.

"Waɗannan sana'arsu ce, hwatarsu ta saba. Kuma da takalmi suke, hannunsu a bushe. Ni ba haka ya same ni ba."

"To su cire takalmin."

"Ba su sunka je Farfaru sunka durƙusa mani ba. Kai ka kirawo ni." Ta miƙa masa butarta. "Cire takalmi. Jiƙa hannu."

Alhaji ya dubi butar. Ya dubi Kalilu.

"Injiniya, ka tabbata?"

"Na tabbata, Alhaji."

"Ran nan ma ka tabbata."

"Ran nan babu inji."

Ya dubi Bubakar. Bubakar ya ce, "Rai na hannun Allah, Alhaji. Amma ramin nan na haƙa shi da kyau."

A waje Maɗugu ya danna ham sau biyu, ba don rashin kunya ba, fasinja ne suka dame shi. Hajjo ta sunkuya ta ɗauki ƙullin kwallayenta.

Alhaji Ɗantala ya taɓa ratsa daji da mota cike da durom ɗin fetur, direba yana shan taba a gefensa, bai ji komai ba. Yanzu ga shi yana cire takalmi sawu-ciki da ya saya a Jidda, yana cire safa, ƙafafunsa farare sol kamar ba su taɓa ganin rana ba. Ya tattare hannun riga. Ya zuba ruwa a hannu, ya zuba a ƙafa domin ta ce a zuba. Ya taka simintin ɗakin. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya ƙara da abin da bai sawwaƙa ba, ya runtse ido, ya manna tafin hannu a kan ƙarfen.

Ƙarfe ne kawai, da ɗan sanyi.

Ya buɗe ido. Ya sake mannawa, har da ɗan mari. "Inna! Kin gani? Lafiya lau!"

"Na gani. Akwati nawa ne cikin gidan?"

Kalilu ya ce talatin da ɗaya.

"To saura talatin."

Haka aka yi. Alhaji a gaba, ba takalmi, riga a tattare. Hajjo a bayansa da buta, tana ƙara masa ruwa duk bayan akwati uku. Kalilu da Bubakar a baya, kowanne yana addu'a a kan akwatunan ɗan'uwansa. Suka yi madafa, suka yi banɗaki, suka yi falo da turaka. Akwai soket ɗaya a ƙasa bayan kujera, sai da Alhaji ya rarrafa. Na ƙarshe yana cikin zaure, ƙofa a buɗe, fasinjojin Maɗugu duk suka miƙe tsaye a bayan mota don su gani da kyau.

Da aka gama Hajjo ta koma ɗakinta ita kaɗai. Ta cire takalmi, ta tsaya gaban akwatin, suka ɗan kalli juna. Ta kai yatsa ta danna farin abin. Ƙwan fitila ya kama. Ta dube shi, ta dubi taga inda rana ke shigowa, ta sake dannawa ya mutu.

"Rana tsaka ana ƙona mai," in ji ta. "Ɗantala, a shigo da kayana. Ka ce ma Maɗugu ya tahi, mutane na jira. In ya kai Farfaru ya ɗauko mani turmina da awakina."

"Awaki, Inna? A nan? Ai duk tsakar gidan siminti ne."

"Bakwai ne. Guda na da ciki."

Alhaji ya fita zaure da jiƙaƙƙun ƙafafu, ya faɗa wa Maɗugu saƙon. Maɗugu ya sa giya.